Sawu a Ɗakin Ɓeraye

Ranar da aka tsayar za a feɗe ɓerayen Dakta a duba hantarsu, ranar aka wayi gari aka tarar wani ya riga wuƙa. Goma sha biyu ne kwance a kejinsu sun sanƙare, kuma duk masu jan kati a jikin keji. Sauran ashirin da huɗun lafiyarsu ƙalau, suna ta gurgurar abinci kamar ba a yi komai ba.

Wanda bai san cibiyar binciken ba zai ce to sai me, ɓera ne fa, a gida ma tarko ake ɗana masa. Amma waɗannan ba ɓerayen kicin ba ne. Farare ne tas masu jan ido, kowane da kejinsa da lambarsa. Wata uku ana ɗura musu abinci mai kitse don hantarsu ta yi maiƙo. Masu jan kati kuma ana ƙara musu da allurar wani sinadari irin wanda jiki ke haɗawa da kansa, homon suke ce masa, sau uku a mako, don a ga ko zai narkar da kitsen. Shekara biyu Dakta ta yi tana shirin wannan rana. Gawar da ta kwana kuwa ba ta da amfani, jini ya daskare, hanta ta fara lalacewa, babu abin da za a iya aunawa.

Kafin ƙarfe tara kowa ya gama yanke hukunci. Iya mai shara ce ta yi. Tana da makulli. An ga shuɗin garin maganin ɓera a mazubin abincin gawarwakin, kuma irinsa ne a kabad ɗinta, wanda take zuba wa ɓerayen sito. Ga shi makon jiya an ji ta da bakinta tana cewa gara bayin Allahn nan su mutu su huta da allura. Shugaban masu gadi bai tsaya wata-wata ba, ya zaunar da ita a benci a ofishinsa, ya kira 'yan sanda, suka ce suna tafe ƙarfe huɗu. Mace mai shekara sittin da ɗoriya, ga jikoki uku marayu a hannunta, aka bar ta zaune kamar kazar da aka ɗaure wa ƙafa.

Baba Mai Sawu yana bakin ƙofar cibiyar a kujerarsa ta gadi labarin ya iske shi. Shekara talatin ya yi yana bin sawun dabbobin sata kafin gwiwa ta ce ta gaji, kuma a duk shekarun nan bai taɓa ɗora wa wani sawun da ba nasa ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya jawo ƙafa har wurin Dakta, ya ce ta bar shi ya duba ƙasan ɗakin.

"Baba, wannan fa ba satar shanu ba ce," in ji Shugaban masu gadi, yana dariyar raini. "Ɓera za ka bi ko me?"

"Ɓera bai kashe kansa ba, Shugaba. In an bi ta ɓarawo, ai a bi ta mabi sawu."

Dakta idonta ya yi ja, muryarta ta dushe. Ta miƙa masa makulli. "Zuwa ƙarfe huɗu, Baba. In sun zo babu ruwana."

*

An yi sa'a ba a tattake wurin ba. Dakta ce kaɗai ta shiga da safe, ta tsaya a layin farko, ta ga abin da ta gani, ta fito ta kulle.

Ɗakin ɓeraye yana da dokarsa. A bakin ƙofa kowa zai cire takalminsa ya sa farin takalmin roba na wurin, sannan ya taka cikin wani faffaɗan tire mai ruwan magani kafin ya shiga. Takalman ƙafa huɗu ne, duk girmansu ɗaya, don haka takalmi ba zai faɗi komai ba. Amma ruwan maganin in ya bushe yakan bar fari-fari a ƙasa, kuma Iya ta goge ɗakin tas jiya da yamma kafin ta tashi.

Mai Sawu ya durƙusa da ƙyar, ya kwantar da kunci kusa da siminti, ya kalli ƙasan ta gefen haske. Warin fitsarin ɓera da garin katako ya cika masa hanci. Ga sawun nan sarai. Ya yi tsaki. Wane irin ɓarawo ne zai tsaya canza takalmi, har ya taka ruwan magani don kada ya kawo wa ɓera cuta, alhali kashe shi ya zo yi? Wannan ɗan gida ne, ƙafarsa ce ta bi doka ba tare da ta tambaye shi ba.

Sawun bai yi dawurwura ba, daga jan kati sai jan kati. Kejunan a jere suke kan dogayen kantocin ƙarfe masu taya. A gaban kowane keji mai gawa, ƙafar dama tana tsaye daidai, ta hagu kuma ta karkace ta kwanta a gicciye, ta tokare tayar kanta. Har farin maganin ya shafu a jikin tayar. Sau goma sha biyu, babu kuskure ko ɗaya. Ya daɗe yana kallon abin, bai gane dalilinsa ba, sai ya adana shi a ransa ya miƙe.

*

Iya ta yi kuka har hawayen sun ƙare. Da ta ga Mai Sawu ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Malam, na faɗa, ba zan musa ba. Na ce gara su mutu. Kai ma in ka ga yadda ake tsira musu allura a ciki sai ka tausaya. Amma baki ne kawai, wallahi. Ni da nake canza musu shimfiɗa kamar 'ya'yana?"

"Maganin nan na kabad ɗinki, wa ya san inda yake?"

"Wa bai sani ba? Kabad ɗin ko makulli babu."

"In ɓera ya ci, yaushe yake mutuwa?"

Ta ɗago kai. "Ai sai ya kwana uku. Yana ci zai tafi abinsa, sai wari ya nuna maka inda ya faɗi. Shi ya sa na ce wa Shugaba ba shi ya kashe su ba, ya ce in rufe masa baki."

Shugaban masu gadi ya kau da kai yana duba wayarsa. Mai Sawu ya yi lissafi a ransa. Jiya da yamma ɓerayen suna raye, yau da safe sun sanƙare. Ashe garin shuɗin nan ado ne aka yi wa gawa, don ido ya tafi wani wuri.

*

Ɗalibin Dakta, wanda ake kira Dogo, shi ne na biyu a bakin mutane. Magidanci ne mai neman babban digiri, kuma kowa ya ji rigimar da suka yi da Dakta kan wanda sunansa zai zo farko a takardar binciken. Ga shi mai gadin yamma ya ce ya ga ya dawo bayan an tashi.

"Cajar wayata na manta," in ji Dogo, yana tafiya yana dawowa a ofis. "Ko ƙofar ɗakin ban taɓa ba. Haba Baba, in kashe su in ci me? Digirina yana cikin hantar ɓerayen nan."

Mai Sawu ba bakinsa yake saurare ba, ƙafarsa yake kallo. Dogo da dunduniya yake dukan ƙasa, takunsa ɗaya ya kai biyun wani. Mai sawun can kuwa gajeren taku gare shi, a hankali, irin na wanda ya saba shiga wurin da ba a son motsi.

"Me za a gani yau in da an yanka su?"

"Komai. Hanta za ta nuna kitse, jini zai nuna yawan sinadarin da ke jikinsu." Dogo ya tsaya, ya rage murya. "Gaskiya ma akwai abin da ke damunmu. A gwajin farko, mako huɗu da fara allura masu jan kati suka saɓe, hantarsu ta yi kyau kamar ta jariri. Wannan karon sai ƙiba suke yi kamar 'yan uwansu, kamar ba a yi musu komai ba. Dakta ta ce jinin yau zai raba gardama."

"Wa ke yin allurar?"

"Surukinka mana, Mai Allura. Litinin, Laraba, Asabar. Shekara takwas allurarsa ba ta taɓa kashe ɓera ko ɗaya ba, kowa ya shaida."

*

Da rana ta take, Mai Sawu ya bi ta bayan cibiyar zuwa gidajen ma'aikata, kamar yadda yake yi kullum. Can 'yarsa Auta take, matar Mai Allura, ita kaɗai Allah ya bar masa bayan rasuwar uwarta. Wata shida ke nan ciwon hanta ya kwantar da ita. Asibiti sun ba da ƙwayoyi, sun hana ta maiƙo da gishiri, sun ce a yi haƙuri.

Ya same ta a gado, farin idonta ya koma rawaya, ciki ya kumbura, hannuwa sun zama kamar sillen kara. Ta yi masa murmushi duk da haka.

"Baba, yau ka makara. Ko ka samo mini kishiyar uwa a hanya?"

"Wa zai kwashi tsoho mai gwiwa ɗaya? Ya jikin?"

"Da sauƙi." Sai kuma ta ce, "Ƙarya nake, Baba. Da aka fara allurar nan na ji daɗi sosai, har shara na yi da kaina. Yanzu kuwa kullum jiya ta fi yau."

"Wace allura kuma?"

"Wadda yake mini mana. Ya ce sabuwa ce, likita ya ba shi, kada in faɗa wa kowa don ba a samunta. Litinin, Laraba, Asabar."

Gaban Mai Sawu ya faɗi. Sai ga sallama, Mai Allura ya shigo da ledar magani. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida surukinsa, kansa a sunkuye. Mutum ne mai sanyin hali, gajere, idonsa ya faɗa saboda rashin barci. Wata shida shi ke wanke ta, shi ke ba ta abinci a baki, bai taɓa ɗaga mata murya ba.

"Bari in fitar da ke ki sha iska," ya ce wa matarsa.

Ya jawo kekenta na marasa lafiya kusa da gado. Ya sa hannu biyu ya tallabo ta. Keken ya so ya zille baya, sai ƙafarsa ta hagu ta karkace da kanta, ta kwanta a gicciye, ta tokare tayar.

Mai Sawu ya runtse ido. Ashe dalilin ke nan. Mutumin da hannuwansa biyu kullum a cike suke, ɗaya da ɓera ɗaya da sirinji, da ƙafa yake tsayar da taya.

Bai san yadda ya fito daga gidan ba. Ya zauna a kan wani bulo a bayan sito, rana tana dukansa bai ji ba. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In ya yi shiru, babu mai sani har abada, don babu wanda ya iya karanta ƙasa sai shi. Iya za ta kwana a bayan kanta, jikokinta su watse. In ya yi magana, wa zai ɗaga Auta daga gado, wa zai wanke ta? Ya ji haushin yaron, ya ji tausayinsa, ya ji haushin idonsa da bai makance ba tun da gwiwa ta mutu. Ya yi kuka, tsoho da shi, shi kaɗai a bayan sito.

*

Ƙarfe uku da rabi ya ce a tara masa kowa a ɗakin ɓeraye. Dakta, Dogo, Iya, Mai Allura, da Shugaban masu gadi da ke ta duba agogo. Ya nuna musu sawun da farin da ke jikin taya, amma bai ce ga abin da yake nufi ba.

"Abu ɗaya nake roƙo. Kowa ya jawo keji ɗaya, ya ɗauko ɓera, ya riƙe shi kamar zai yi masa allura."

"Wasan yara," in ji Shugaba.

Dakta ta fara. Ta sunkuya ta danna birkin tayar da hannu, sannan ta jawo keji. Dogo ya ce wa Shugaba ya riƙe masa kantar. Iya ta jingina ƙugunta da ƙarfen, ta buɗe kejin, amma ta ce ita ba ta iya kama su ta wuya ba, a tafin hannu take ɗaukarsu.

Saura Mai Allura. Ya dubi surukinsa sau ɗaya, irin kallon da bai taɓa yi masa ido cikin ido ba, kuma Mai Sawu ya ga ya gane. Ya matsa gaban kanta, ya haɗe ƙafafunsa wuri ɗaya ya kafe su da ƙarfi. Ya jawo keji, ya damƙo ɓera ta ƙeya, ya miƙa ɗaya hannun kamar mai ɗaukar sirinji. Kantar ta fara gangarawa, kejunan sama suka yi girgiza za su zubo. Kafin ya yi tunani, ƙafar hagu ta tafi aikinta na shekara takwas.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar haƙoran ɓeraye.

"Sawunsa ne," in ji Mai Sawu. Ji ya yi kamar naman jikinsa yake yanka. "Iya ba ta da laifi. Ku sake ta."

Mai Allura ya mayar da ɓeran a hankali, ya rufe kejin, ya zame ya zauna a ƙasa.

"Ruwan gishiri nake musu," ya ce. "Sinadarin gida nake kaiwa. Dakta, ni na feɗe na gwajin farko, da hannuna na riƙe hantar nan, na ga ta wanke tas. Ga matata tana narkewa a gabana, ga magani a firij ana ba ɓera. Me zan yi? Na san in aka auna jininsu yau za a ga babu komai a ciki. Sai na dawo jiya na yi musu allurar barci mai yawa, ba su sha wahala ba." Ya juya wajen Iya, bai iya ɗaga ido ba. "Garin kuma na zuba ne don a ce wani ne daga waje. Ban yi tunanin kabad ɗinki ba, Iya. Da aka kama ki na so in yi magana, tsoro ya hana ni."

Dakta ta matso, fuskarta ta canza, kuma ba fushi ba ne a cikinta.

"Mako nawa kana yi wa matarka?"

"Tara."

Dakta ta dafe kai. "Inna lillahi. Ka tuna guda huɗun da muka bari a gwajin farko har mako goma, muka aika hantarsu waje? Makon jiya sakamakon ya zo. Ban faɗa wa kowa ba, ina jiran na yau ya tabbatar. Kitsen yana narkewa, gaskiya ne. Bayan nan hantar ce take ƙandarewa, ta yi tabo, ta daina aiki. Wannan ma a lafiyayyen ɓera ke nan."

Garin neman gira Mai Allura ya rasa ido, kuma ba idonsa kaɗai ba. Sai ya fara buga ƙeyarsa da bango a hankali, har Dogo ya riƙe shi. A waje aka ji tsayuwar motar 'yan sanda.

"Baba, tashi," in ji Dakta, tana laluben makullin motarta. "Asibiti za mu kai ta yanzu. Ban yi maka alkawarin komai ba."

*

Iya ce ta riga su isa gidan. Babu wanda ya ce ta zo. Ta ɗaure zani, ta haɗa kayan Auta a leda, ta ce namiji ba ya jinyar mace, balle tsoho. Su biyu suka tallabe ta zuwa mota, ba ta fi nauyin yarinya ba.

Motar ta bi ta gaban cibiyar, don babu wata hanya. Daidai lokacin ake fito da Mai Allura, ɗan sanda riƙe da hannunsa. Auta ta manna fuska a gilashi ta bi shi da kallo har suka sha kwana. Ba ta yi kuka ba. Ta juyo da idanun nan masu rawaya ta dubi ubanta, ta daɗe tana dubansa, don ta san aikinsa tun tana goye.

"Baba, wa ya bi sawunsa?"

"Ni ne, Auta."

Ta zare hannunta daga cikin nasa, ta ɗora kanta a kafaɗar Iya. Har suka isa asibiti ba ta sake ce masa komai ba.